Hayar Sunan Kamfani: Lissafin Da Za Ka Yi Kafin Ka Zuba Kuɗinka

Kwanan nan maganar nan ta yi yawa a bakin samarinmu, daga Agege zuwa Sabo ta Ibadan har Fatakwal. Mutum ya ɗan tara kuɗi a harkar shanu ko gwari, sai ka ji yana cewa ya gaji da rana da ƙura, gara ya buɗe shago da sunan babban kamfani ya huta. Abin da ake kira faranchayis ke nan: ka biya kamfani, shi kuma ya ba ka izinin aiki da sunansa da tambarinsa da tsarinsa na wasu shekaru. Ta wannan hanyar KFC ya shigo Nijeriya a 2009, Domino's kuma a 2012.

Abu na farko da za ka gane shi ne, sunan nan ba sayar maka aka yi ba, haya ce. Akwai kuɗin shiga da za ka biya tashin farko, sannan kowane wata kamfani yana da kasonsa. Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don galibi a kan ciniki ake cire kason, ba a kan riba ba. Duk wanda ya taso a kara ya san wannan tsarin. Dillali in an sallama sa, la'adarsa ta fito, ko mai san ya ci riba ko uwar kuɗi ta karye. Bambancin kawai, la'adar dillali sau ɗaya ce, ta kamfani kuwa duk wata ce har wa'adi ya cika.

Bari mu yi misali. A ce ka yi cinikin naira miliyan 10 a wata, yarjejeniya ta ce kashi 5 na kamfani ne, kashi 2 kuma na talla. Dubu 700 ta tafi ke nan, ba ka biya ma'aikata ba, ba ka sayi man janareto ba, ba a zo maganar hayar shago ba, wadda a Legas ta shekara guda ake karɓa gaba ɗaya. In watan ya zo da faɗuwa, faɗuwar taka ce kai kaɗai.

Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne 'yanci. Mahaifina in ya ga kasuwa ta faɗi a Oko-Oba, yana iya riƙe shanunsa kwana biyu, ko ya karya farashi ya huta da kuɗin ciyarwa, ko ya canza kasuwar da yake saro a Arewa. Duk shawararsa ce. A hayar suna babu wannan. Sau da yawa kamfani ne zai faɗi inda za ka sayo kaya, da farashin da za ka sayar, har launin fentin bango. Ko ka san inda ake samun nama mai kyau da araha, in ba ya cikin jerin dilolinsu, sai dai ka kalla. Haka in akwai abin da addini ya hana ka sayarwa a cikin kayansu, to ka tambaya tun kafin sa hannu ko za a yarda ka cire shi.

Sai maganar dala. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta wuce 1,500 a 2024, ga kuma cire tallafin fetur. Wanda injinansa ko kayan haɗinsa daga waje suke zuwa, ya ji a jikinsa.

Babban suna ma yana tsufa. Mr Bigg's ya fara a Marina ta Legas a 1986, ya zama wurin da iyaye ke kai yara ranar biki, kuma rassansa da dama na masu hayar suna ne. Da sababbin gidajen abinci suka shigo suka janye masu saye, rassa da yawa sun rufe. Wanda ya zuba jarinsa saboda sunan, tare da sunan ya yi ƙasa.

Mu mazauna Kudu kuma muna da namu lissafin na daban. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 ya san me nake nufi. Shanu ana loda su a tirela cikin dare. Shagon da ka kashe miliyoyi ka gyara yadda kamfani yake so ba ya ɗaukuwa, kuma yarjejeniyar shekara biyar ba ta san ka koma gida ba.

Ba wai harkar ba ta da amfani ba ne. Ba sai ka sha wahalar neman suna ba, za a horar da ma'aikatanka, kuma wanda zai yi shakkar shiga shagon baƙo zai shiga saboda tambarin. Ga wanda yake da jarin da zai iya jure watanni ba riba, tana iya yin kyau.

In ka ƙudura, ka fara duba rajistar kamfanin a hukumar CAC, don akwai masu buga takarda mai ƙyalli su karɓi kuɗin shiga su ɓace. Ka ɗauki lauyanka na kanka, ba wanda suka kawo ba, ya karanta maka abu uku: za su iya ba wani izinin buɗe reshe kusa da kai? In ka gaji, kana da ikon sayar da shagon? In wa'adi ya cika, sai ka sake biya?

Sannan kada ka tsaya ga reshen da kamfani ya kai ka ka gani, don mai kyau za su zaɓa. Ka nemi wanda ya taɓa yi ya rufe, ka zauna da shi, ka tambaye shi nawa ya zuba, nawa kuma ya fita da shi.