Ba Bairos Ne Ya Cinye Maka Karatu Ba: Abin Dubawa Kafin Sayen MP3 Da Memori

A duk inda ake tura waƙa da fim, tun daga rumfunan kasuwar waya har zuwa teburin mai caji a bakin tasha, akwai wata rigima da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Mutum ya sayi sabuwar MP3 ko MP4 da memori, ya biya an cika masa da karatun Alƙur'ani da tafsiri da waƙoƙi da fina-finai, ya tafi gida. Kwana biyu sai ga shi ya dawo rai a ɓace: rabin kayan sun ƙi buɗewa. Sunayen suna nan a jere, amma in an danna, shiru. Hukunci kuwa ya riga ya yanke shi tun daga hanya: "Kwamfutarka ce ta sa min bairos." Har akwai masu rantsuwa cewa da gangan yaran suke yi, don a dawo a sake biyansu.

Wannan zargi yana damuna, saboda a mafi yawan lokuta ana ɗora shi ne a kan wanda ya fi kowa rauni a cinikin, yaron da ke neman na abinci da tsohuwar kwamfuta, alhali mai laifin yana can ya sayar da hajarsa ya ƙirga kuɗinsa. Kuma muddin mutum ya yarda bairos ne, gobe zai koma ya sake sayen irin memorin da ya cuce shi.

Wani zai ce ai zamanin waɗannan na'urori ya wuce. A wasu ƙasashen haka ne. Walkman ta Sony, mai cin kaset, ta fito a 1979. Wani kamfanin Koriya ta Kudu ya fitar da MPMan a 1998, tana ɗaukar megabayit 32 kacal. Apple ya zo da iPod a 2001 da alƙawarin waƙa 1,000 a aljihu, sannan a 2022 ya sanar da daina ƙera ta, domin waya ta haɗiye aikin. Amma a wajenmu buƙatar ba ta mutu ba. Data tana da tsada, wuta ba ta da tabbas, kuma wanda ke son batirin wayarsa ya kai dare ba zai ƙarar da shi a kallon fim ba. Ga uban da yake son ɗansa mai hadda ya riƙa bin ƙira'a ba tare da an damƙa masa intanet ɗungurungum ba. Ga dattijuwar da ba ta son komai sai maɓalli uku: kunna, gaba, baya. Ga direba da tela da makiyayi. Duk waɗannan suna da haƙƙin a sayar musu da abin da aka rubuta a kwali.

To, mene ne yake faruwa a cikin jabun memori? Kowane memori kashi biyu ne: wurin ajiya, da wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke kula da ajiyar. Waya ko kwamfuta ba ta leƙawa ta ƙirga wurin da kanta, wannan ƙwaƙwalwar take tambaya, kuma abin da ta faɗa shi za a nuna maka a allo. Masu jabu suna ɗaukar memori mai giga 8, su sauya amsar da ƙwaƙwalwar ke bayarwa ta koma giga 64 ko 128, su buga sunan sanannen kamfani a jiki. Ka sa a waya, waya ta ce 128. Mai shago ya juyo maka da allon ya ce, "Alhaji, ga shi ka gani da idonka." Shi kansa wataƙila bai sani ba, domin haka aka ba shi a sari.

Ɗauki misalin mai sito a kasuwar hatsi. Ɗakinsa buhu 8 yake ci, amma ya kafa allo a ƙofa cewa yana ɗaukar 128. Ka kawo buhunan farko, ya jera su, ya rubuta a littafi. Ka zo duba, ka same su lafiya, hankalinka ya kwanta. Da ka kawo na 9, sai ya karɓa da fara'a, ya rubuta a littafi, amma ɗayan biyu yake yi: ko ya jefar da shi ta bayan katanga, ko ya fitar da ɗaya daga cikin na farko ya sa sabon a gurbinsa. Haka har buhu na 100. Littafi cike da suna da lamba, babu kuskure ko ɗaya a rubuce. Sai ranar da ka zo kwasa. Wannan littafin shi ne jerin sunayen da kake gani a allon MP3, kuma shi ya sa sunan sura yake nan amma babu karatu a ƙarƙashinsa. Shi ya sa kuma cutar ba ta bayyana a ranar saye. Waƙa biyar ɗin da aka gwada maka a shago sun shiga cikin giga 8 na gaskiya, dole su yi. Sai an wuce iyakar ɗakin ɓarna take farawa, wani lokaci bayan wata guda, lokacin da ka manta ma inda ka saya. Abin da aka jefar ta bayan katanga kuwa babu gwanin da zai dawo da shi, kuma yi wa memorin fomatin ba ya ƙara masa ko taku ɗaya, littafin kawai yake gogewa a fara sabon zalunci.

Ba na cewa babu bairos. Akwai wanda ya addabi shagunan kwamfuta shekara da shekaru, mai ɓoye manyan fayiloli ya bar wasu gajerun alamomi a madadinsu. Amma alamarsa daban ce: shi ɓoyewa yake yi, kayan suna nan, kuma wanda ya san aiki zai fito da su. An rubuta shi ne don kwamfuta mai Windows, ƙaramar MP3 mai maɓalli ba ta ma iya gudanar da shi. Idan kuwa tsofaffin kaya suna yi, sababbi ne ke mutuwa, ko kuma duk lokacin da aka ƙara sabo sai tsoho ya lalace, to a daina zagin yaron mai turawa, a dubi memorin.

Gwajin ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Hanya ɗaya ce tabbatacciya: a cika memorin maƙil, sannan a karanto abin da aka zuba a ga ko ya dawo daidai. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw, wadda ta fito daga mujallar c't ta Jamus, da wata mai suna F3, aikinsu ke nan. Idan memorin yana rubuta megabayit 10 a daƙiƙa, wato mafi ƙarancin saurin mai lamba 10 a cikin da'ira, cika giga 64 zai ci kusan awa 2, ban da lokacin karantowa. Wanda ba shi da manhajar, ya sa a loda masa fina-finai har memorin ya ce ya cika, ya cire, ya mayar, sannan ya buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe, yana jan kowane zuwa ƙarshensa. A yi wannan tun memorin yana fanko, kafin a zuba hotunan biki ko muryar mahaifi da ba a da kwafinta a wani wuri. Farashi ma shaida ne. In ka ga giga 128 a kuɗin giga 8, ba sa'a ka taka ba. Memorin da ke maƙale a cikin na'urar shi ma ana yi masa irin wannan ƙarya, don haka gwajin ya shafe shi.

Akwai kuma inda ake zargin ɗan kasuwa ba da haƙƙi ba. Ka sayi giga 32, kwamfuta ta nuna 29 da ɗoriya, ko ka sayi 64 ta nuna 59 da ɗoriya. Wannan ba cuta ba ce. Kamfanoni suna ƙirga giga a matsayin bayit biliyan 1 cif, ita kuwa Windows tana ƙirga shi 1,073,741,824. Abin mamaki, na gaskiyar ne ake mayar wa mai shago da faɗa, jabun kuma a tafi da shi ana murna.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, giga nawa kake buƙata tun farko? Sautin MP3 mai matsakaicin inganci, wanda ake kira 128, yana cin kusan megabayit 1 a minti. A ce saukar Alƙur'ani ta wani makaranci ta kai awa 30, minti 1,800 ke nan, ba ta cika giga 2 ba. Memori mai giga 16 na gaskiya zai ɗauki saukar makaranta uku, da tafsirin azumi guda, da waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya, kuma a sami rara. Bidiyo ne mai cin wuri. Son babbar lamba a ƙaramin kuɗi shi ne ƙofar da masu jabu suke shigowa ta ciki. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin ƙananan na'urori ba sa karanta memorin da ya wuce giga 32. Daga nan zuwa sama wani aji ne daban mai suna SDXC, wanda aka fito da shi a 2009, kuma tsarin jera fayilolinsa ya bambanta da na SDHC, ajin da ke ƙasa da shi. Ka sayi 64 na ainihi, na'ura ta ce babu memori, ka ɗauka jabu ne. A karanta bayan kwali, ana rubuta iyakar abin da take ɗauka.

Wanda ke son kallo kuma sai ya ƙara lura. Rubuta MP4 a kwali ba ya nufin kowane bidiyo zai yi. MP4 mazubi ne, abin da ke ciki ana matse shi ta hanyoyi daban-daban. Mafi yaɗuwa ita ce H.264 ta shekarar 2003, sai H.265 ta 2013 wadda sababbin wayoyi da yawa ke amfani da ita, kuma tsofaffin na'urori ba su san ta ba. Wasu masu arhar ma ba sa cin ko ɗaya, sai an juya fim zuwa wani tsari mai suna AMV mai dishi-dishi. MP5 da ake bugawa a kwali kuwa babu wani ma'auni na duniya mai wannan suna, talla ce. Maganin duk wannan shi ne ka je kasuwa da naka memorin, ɗauke da fim ɗin da ka saba kallo da bidiyon da ka ɗauka da wayarka, a sa a gabanka. Bidiyon gwaji da ke zuwa a cikin na'ura an zaɓe shi ne don ya yi.

Yayin da kake riƙe da ita a shagon, gwada abubuwan da ba a rubutawa a kwali. Kunna dogon karatu, kai shi tsakiya, kashe na'urar, sake kunnawa. Ta ci gaba daga inda ta tsaya, ko ta koma farko? Ga mai sauraron tafsirin awa guda da rabi, wannan ya fi kowace ƙawa muhimmanci. Duba ko tana barin ka shiga jaka-jaka, kada ta cakuɗa maka surori da waƙoƙin biki a jeri ɗaya. Duba ko tana maimaita aya daga wuri zuwa wuri, abin da mai hadda ke buƙata. Idan sunayen fayilolinka da Larabci suke, ka ga ko tana nuna su. Bakin cajinta ya zama irin na wayoyin da ke gidanka, kuma ta kasance da ramin iyafis na waya ko da tana da Bluetooth, domin Bluetooth yana ƙara shan batir. Lambar batir da aka buga a kwali ita ma ana ƙara mata gishiri, don haka ka nemi sharaɗin mayarwa in ba ta kai yini ba.

Abu ɗaya da muke nema da kanmu kuma yake cutar da mu shi ne ƙara. "Wacce ta fi ƙara?" ita ce tambayar farko a bakin matasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'auninta shi ne, babba zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma a desibel 90 lokacin ya ragu zuwa awa 4. Ƙananan gashin da ke cikin kunne masu ɗaukar sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Kunne kuma bai bambance waƙa da wa'azi ba, ƙarfin sautin yake ji. Uban da ya saya wa yaro na'ura don karatu ya duba ko tana da wurin kulle iyakar ƙara. In kana zaune kusa da yaron kana jin abin da ke fita daga iyafis ɗinsa, ya yi yawa.

Nijeriya tana da hukumar kula da ingancin kaya, SON, tana kuma da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Memori kaya ne da gwajinsa ba ya buƙatar ɗakin bincike, kwamfuta ɗaya da 'yan awoyi sun isa. Ina ganin da za a riƙa ɗibar samfuri daga hannun manyan dillalai masu shigo da shi katan-katan, da an rage ɓarnar tun daga tushe, maimakon a bar mai saye da ƙaramin ɗan tebur suna cacar baki a kan kayan da babu ɗayansu da ya ƙera. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya su ma za su iya ajiye kwamfutar gwaji a ofishinsu, duk wanda ya saya ya biya ta nan kafin ya fita, kuma 'yan kasuwa masu gaskiya su ne za su fara cin ribar hakan. Mu masu saye kuma muna da namu sakacin: ba ma karɓar rasit. Ka sa a rubuta maka sunan shago, da ranar saye, da girman memorin, da kwanakin da aka yarda ka dawo da shi in ya faɗi gwaji. Mai shagon da ya ƙi rubutawa, ka mayar masa da kayansa ka matsa rumfa ta gaba.