Kilomita 1,300, sa'o'i biyu, jiran wata guda: lissafin jirgi tsakanin Sent Helena da Asenshan

A kudancin Tekun Atlantika akwai tsibirai biyu da ke ƙarƙashin Birtaniya, Sent Helena da Asenshan. Kowannensu na da filin jirgi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai kusan kilomita 1,300. Da yawa daga mutanen Sent Helena, waɗanda yawansu ya ɗan haura dubu huɗu, suna aiki ne a Asenshan. Saboda haka waɗannan alƙaluma sun shafi mahaifin da yake son ganin iyalinsa da ma'aikacin da kwantiraginsa ya ƙare.

Jirgin da ke wannan zirga-zirga shi ne Embraer E190 na kamfanin Airlink, kuma idan ya daidaita a sama yana gudun kilomita 800 da ɗoriya a sa'a. Idan aka raba 1,300 da wannan gudu, za a samu kimanin sa'a ɗaya da rabi. Amma tafiyar tana cin kusan sa'o'i biyu, domin jirgi ba ya kai wannan gudu sai ya gama hawa, yana kuma rage shi tun daga nesa kafin ya sauka.

Jirgin daga Johannesburg yake tasowa, kusan kilomita 3,700 daga Sent Helena, kuma zangon yana ɗaukar wajen sa'o'i shida saboda yada zango da yake yi a Namibiya don shan mai. Dalili kuwa, babu wani filin jirgi kusa da tsibirin. Idan yanayi ya hana sauka, dole ne a tankinsa akwai man da zai kai shi wani filin mai nisa. Titin saukar Sent Helena mita 1,950 ne kawai, ga kuma iska mai sauya alƙibla ba zato, wadda ta bayyana a gwajin saukar jirgi na 2016 ta jinkirta jigilar fasinja har zuwa Oktoba 2017.

Duk da haka an samu babban sauƙi. Kafin a buɗe filin jirgin Sent Helena, jirgin ruwa na RMS St Helena yakan kwashe kwana biyar daga Cape Town zuwa tsibirin.

Amma adadin da ya fi nauyi a rayuwar mutanen nan shi ne yawan tashin jirgi. An tsara zuwa Asenshan sau ɗaya a wata. Wanda jirgi ya tsere masa, ko iska ta sa aka ɗage tafiyarsa, abin da zai lissafa kwanaki ne, wani lokaci makonni. Don haka mai son sanin nisan tsibirai irin waɗannan ya fara duba jadawalin tashi, sannan ya koma kan kilomita.