Ƙarfafa Fatar Ƙarfen Bindiga da Gawayin Ƙashi

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata tsohuwar dabara ta maƙeran bindigogi na Ingila da Amurka, wadda ke sa bayan ƙarfe ya yi tauri, cikinsa kuwa ya zauna da taushi. A ƙarni na 19 yawancin ƙarfen da ake samu ba shi da isasshen sinadarin kabon, saboda haka yakan cinye da wuri.

Ga yadda ake yi. Akan jera sassan cikin akwatin ƙarfe, a binne su da gawayin ƙashi da na itace, a rufe. Sai a gasa akwatin, zafin ya haura digiri 700 a ma'aunin Salshiyas, har wajen sa'a 2 ko 3. A nan ne kabon ke ratsa fatar ƙarfen. Daga nan sai a juye kayan cikin ruwan sanyi. Fatar ta taurare ke nan, kuma wata 'yar siririyar tsatsa ta hau kanta, wadda ke ba da launin shuɗi da shunayya da ruwan ƙasa. Alal misali, haka kamfanin Colt ya ƙawata gangar jikin libarbarsa ta 1873.

Ya kamata a lura cewa taurin ne manufa, launin kuwa rakiya ya yi. Yau da gobe hannu yakan goge launin, alhali taurin yana nan. Mai son maido da launin dole ya sake gasa ƙarfen, kuma a nan hatsarin yake. Ƙarfe yakan lanƙwashe ko ya tsage a cikin ruwa, don haka akan fara tausasa shi da wuta, a ɗaure shi da tokare. Ba a yi wa bututu ko sifirin wannan aiki. Haka nan wani ƙarfen zamani yakan taurare har ciki, ya yi gautsi, ya iya fashewa a hannun maharbi. Har ila yau, hayaƙin gawayi yana kisa a rufaffen ɗaki, gishirin sayanayid da wasu ke amfani da shi kuwa mugun dafi ne.

Saboda haka, tsohuwar bindigar da launinta ya koɗe, gara a tsabtace ta, a shafa mata mai, a bar ta. In kuwa gyaran ya zama tilas, to ƙwararre ne zai yi, a kuma auna kowane sashe kafin a sake harbi da ita.