SABUWAR KWAMFUTA A BIRO: WACE MANHAJAR RUBUTU ZA A ZAƁA?

A cikin gundumomin Madawa, Buza da Keita, kwamfuta ta maye gurbin tsohon mashin ɗin buga takarda a birori da dama, tun daga na perfe da na komin har zuwa na ƙungiyoyin manoma da cibiyoyin yaƙi da jahilci. Amma kwamfuta ita kaɗai ba ta rubutu, sai an ɗora mata manhajar rubutu. Har ma ƙaramar manhajar nan WordPad, wadda a da take zuwa kyauta tare da Windows, kamfanin Microsoft ya cire ta daga sabon zubin Windows 11 na 2024. Saboda haka duk ma'aikacin da aka danƙa ma sabuwar kwamfuta, tilas ne ya yi zaɓi. Ma'auni na farko kuwa shi ne: shin wannan manhaja za ta rubuta Hausa daidai, kuma takardar za ta karantu bayan shekaru goma?

Haruffa huɗu masu lanƙwasa

Wannan magana ba sabuwa ba ce a ƙasar Adar. Taron masana da hukumar UNESCO ta kira a Bamako a 1966 shi ya shata wa Nijar hanyar rubuta harsunanta. A bisa wannan ƙa'ida aka riƙa buga jaridun karkara, irin su Saabon Ra'ayii ta Madawa, wadda sunanta ma yake nuna yadda ake ninka dogon wasali a wancan zamani. Taron Yamai na 1980 ya daidaita rubutunmu da na Nijeriya, sa'an nan ƙudurin ministan ilimi na watan Oktoba 1999 ya tabbatar da abacadar da muke aiki da ita, mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A watan Maris na 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki.

Wanda ya yi karatun manya ya san cewa lanƙwasar nan ba ado ba ce. In aka rubuta "an yi fada" a wurin "an yi faɗa", an mai da rigima gidan sarki. In aka rubuta "baki" a wurin "baƙi", an mai da masu zuwa cin rani abin cin tuwo. A cikin wasiƙar zumunci, wannan abin dariya ne. A cikin takardar shaidar gona da hukumar filaye ta rubuta bisa dokar karkara ta 1993, ko yarjejeniyar bashin taki ta masu noman albasa a kwarin Tarka, kuskuren harafi guda yana iya jawo gardama tsakanin maƙwabta.

Manhajojin da ke kasuwa

Microsoft Word, wadda ta fito a 1983, ita ce mafi yawan sakatarori suka koya, kuma mafi yawan takardun da ke zuwa daga Yamai da Tawa cikin zubinta suke. Amma ta kuɗi ce: ko a saya gaba ɗaya, ko a riƙa biya duk wata ko duk shekara. Kwafin sata da ake ɗora wa mutane a kasuwa ya saɓa wa doka, kuma sau da yawa yana shigo da cutar da ke lalata abin da aka ajiye.

LibreOffice, wadda ta samo asali daga OpenOffice a 2010, kyauta ce, akwai ta cikin Faransanci, tana aiki ba tare da intanet ba, tana kuma buɗe takardun Word. An halatta a kwafe ta a ba wani, wato mutum guda zai iya sauke ta a Madawa ya kai ta Bangi, Tamaske ko Babban Katami. Zubin da take ajiya da shi ya zama ƙa'idar duniya tun 2006. Ba kayan marasa hali ba ne: jandarmomin Faransa sun koma ga OpenOffice tun 2005. Illarta ita ce, takardar Word mai jadawali da yawa takan ɗan goce in an buɗe ta a ciki.

Google Docs tana da daɗi ga masu aiki tare daga nesa, amma ƙarfinta yana ga intanet. Inda layi ke zuwa yana ɗaukewa, bai kamata ta zama madogarar biro ba.

Gwaji kafin amincewa

Dukansu suna iya rubuta haruffanmu, domin ƙa'idar Unicode, wadda ta soma a 1991, ta ba kowane harafi lambarsa. A cikin Word ko LibreOffice, a buga 0199, a danna Alt da X tare, sai ƙ ta fito. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƴ kuwa 01B4. Tun da allunan bugawarmu irin na Faransa ne, mai rubutu kullum ya fi kyau ya ɗora manhajar Keyman, wadda take kyauta. A zaɓi salon haruffa mai ɗauke da lanƙwasa, kamar Charis, ko Andika da aka tsara musamman domin sababbin masu karatu. A guji tsofaffin salon da aka ƙera kafin Unicode, domin takardar da aka buga da su takan rikiɗe ta zama shirme a wata kwamfuta. A kuma kashe gyaran kai tsaye na Faransanci, kada ya canza kalmomin Hausa.

Bayan haka a rubuta shafi guda, a fitar da shi a takarda, a kai shi wata kwamfuta a buɗe. In haruffan sun tsaya, manhajar ta ci jarrabawa. Saboda ɗaukewar wuta, a umurce ta ta riƙa ajiya da kanta bayan ƴan mintoci, a kuma ajiye kwafi a waje dabam.

Aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984, da layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Maggiya a 1975, sun nuna cewa abin da aka kafa da kyau yana amfanar ɗa da jika. Haka takardun hukuma suke. Biron da ke da kuɗin saye na halal ya ɗauki Word, wanda ba shi da su ya ɗauki LibreOffice ba tare da jin kunya ba. Abin da ya wajaba ga kowa shi ne, talakan da ya sha wahalar koyon karatu ya sami harshensa a rubuce daidai.