Furen Asiya Mai Ƙamshi Da Ba Ya Buƙatar Ƙasa

Duk wanda ya tashi a karkara ya san kauci, tsiron nan da ke maƙalewa a reshen kaɗanya yana tsotsarta har reshen ya bushe. Shi ya sa ranar da muka fara ganin wani fure rataye cikin kwandon katako, saiwoyinsa na lilo a sarari babu ko ƙwayar ƙasa, muka ɗauka ɗan'uwan kauci ne. Ashe ba haka ba ne. Yana daga dangin da ake kira orkide da Faransanci, kuma masauki kawai yake nema a jikin itace. Abincinsa daga ruwan sama, da raɓa, da ruɓaɓɓen ganyen da ke taruwa a ɓawo yake samunsa.

Masana suna kiransa Aerides odorata. Wani mutumin Fotigal, João de Loureiro, wanda ya daɗe a ƙasar da ake kira Biyetnam a yau, shi ya raɗa masa sunan a littafinsa na 1790. Kalmar farko tana danganta shi da iska kamar yadda ake danganta ɗa da uwarsa (mun ƙi fassarawa kai tsaye, mai karatu ya san dalili), ta biyun kuwa ƙamshi take nufi. Yana fitowa daga dazuzzukan Indiya zuwa kudancin Sin, Tailan, Indunusiya da Filifin. Idan ya yi fure, zangarniya guda takan sunkuyo da furanni ashirin zuwa talatin, farare masu ɗigon shunayya, ƙamshinsu kuwa yakan cika tsakar gida.

Asirin renonsa yana ga saiwa. Kowace tana lulluɓe da wata farar fata mai shan ruwa kamar soso. In aka jiƙa ta sai ta koma kore, in ta bushe ta koma fara, kuma wannan ne ma'aunin mai reno: a zuba ruwa da safe har ta yi kore, a bari ta sha iska kafin dare. Na farko da muka samu, tausayi ya sa muka dasa shi cikin tukunya da ƙasa da takin awaki kamar barkono. Mako uku bai cika ba saiwoyin suka ruɓe. Kwandon katako mai ramuka ya ishe shi, da ƴan gutsattsarin gawayi ko ɓawon kwakwa. Kada a yanke saiwar da ta fito waje don wai ta ɓata kyan gani, kada kuma a riƙa sauya masa kwando.

Yana son haske mai yawa, amma ranar azahar tana ƙona ganyensa; ƙarƙashin darbejiya ko rumfar zana ya fi. Taki kuwa na ruwa, a tsinka shi ƙwarai, a ba shi sau ɗaya a mako lokacin da yake toho.

Babban abokin gabansa a wurinmu hunturu ne. Mutanen Duwala ba su da wannan damuwa, amma a Yamai, Maraɗi ko Garwa busasshiyar iskar Disamba da Janairu tana iya ƙanƙance ganyensa cikin kwanaki, ga sanyin asuba da kan yi ƙasa da digiri 15. A lokacin sai a rataye shi inda iska ba ta bugunsa, kusa da randa, a jiƙa yashin da ke ƙarƙashinsa, a fesa masa ruwa sau biyu a yini. Ruwan sama da aka tara ya fi na rijiya mai kanwa.

Saura maganar saye. Yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa cinikin orkide tsakanin ƙasashe ƙarƙashin izini, domin masu tsinko su daga daji sun kwashe wurare da dama. Wanda zai sa ɗan'uwa matafiyi ya zo masa da shi, ya nemi wanda aka rena a lambu mai takarda. Ƙaramin tsiro yakan ɗauki shekaru kafin ya yi furen farko, don haka mai gaggawa gara ya ƙara kuɗi ya sayi babba.