Yadda Keken Tsere Ke Hawa Jirgin Sama Zuwa Kona

Kusan kowane watan Oktoba, ƙaramin filin jirgin saman Kona da ke Hawaii yakan cika da manyan akwatuna masu ƙafafun gungura, masu su na tsaye a gefe hankali a tashe. Abin da ke ciki kekuna ne na 'yan tirayatlon, wato gasar da ake haɗa iyo da tseren keke da gudu a jere ba hutu. A nan ake gasar duniya ta Ironman, wadda aka fara a tsibirin Oahu a 1978 kafin a mai da ita Kona a 1981. Ɗan wasa zai yi iyon kilomita 3.8, ya tuƙa keke kilomita 180, sannan ya yi gudun kilomita 42.2. Kona na kan tsibiri ne a tsakiyar tekun Pasifik, don haka yawancin kekunan nan ta sama suke zuwa.

Keken tirayatlon ya fi kowane keke wahalar shiryawa. Jikinsa na zaren kabon ne, mai juriya ga ƙarfin ƙafar mai tuƙi amma mai saurin tsagewa idan aka danne shi ta gefe. A gabansa akwai dogayen sanduna biyu da ɗan wasa ke kwantar da hannuwa a kai don ya ratsa iska, kuma a sababbin samfura wayoyin birki da na giya duk ta cikin jiki suke bi. Cire kan irin wannan keke aikin makanike ne. Ga kuma batun awo: tsayin sirdi da nisan sandunan an daidaita su ne da jikin mutum ɗaya, kamar rigar da tela ya ɗinka masa. Kuskuren 'yan milimitoci kan zama ciwon gwiwa ko na baya bayan awa biyar a kan sirdi. Shi ya sa ƙwararru, kafin su taɓa noti ko ɗaya, sai sun auna komai, sun manna salatif a daidai inda sandar sirdi ta tsaya, sun kuma ɗauki hotuna.

Daga nan sai zaɓen mazubi. Akwati mai tauri, irin wanda kamfanin Bike Box Alan na Ingila ke ƙerawa, ya fi kare keke, sai dai shi kaɗai ya haura kilo 10. Jaka mai laushi, irin ta Scicon na Italiya ko Evoc na Jamus, ta fi sauƙin nauyi, wasu ma an yi su yadda ba sai an cire kan keken ba, amma idan aka jibga mata kaya a kai, keken ne zai ji a jikinsa. Kwalin da shagon keke ke bayarwa shi ne mafi araha, kuma yana aiki muddin ruwa bai taɓa shi ba. Lissafin yana da tsauri: keke kilo 9 ko 10, akwati kilo 12, ga iyakar kilo 23 da kamfanonin jirage da dama ke sanyawa. Abin da ya rage bai wuce wurin soson kariya ba. A Amurka, kamfanonin American Airlines da Delta sun soke cajin girman kaya a kan kekuna a 2019, United ta bi sahu a 2021, amma cajin wuce nauyi yana nan.

Ɓarna takan auku ne a wurare sanannu. Na farko shi ne abin canja giya na baya, wanda ke rataye a jikin wani ɗan ƙarfe mai laushi da aka ƙera da gangan don ya lanƙwashe ko ya karye a madadin jikin keken. Kwance abin canja giyar a naɗe shi a tsumma aikin minti biyu ne, kuma mai hankali yakan tafi da ɗan ƙarfen nan na ajiya, domin kusan kowane samfuri da irin nasa. Na biyu shi ne ƙafafun da ke riƙe wili: da zarar an cire wili sai a mayar da sandar tsakiya ko a saka abin tokarewa, in ba haka ba matsi ɗaya ya isa ya tsaga su. Faranten birki ana cire su don kada su karkace, a kuma cusa ɗan roba tsakanin takalman birkin don kada su haɗe. Fedar hagu kuwa ta sha kunyata sababbin shiga, domin zaren notinta a juye yake. Wanda ya murɗa ta yadda ya saba, ƙara ɗaure ta yake yi.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa taya na fashewa a sama. Ɗakin kayan jiragen fasinja yana da matsin iska kamar inda mutane ke zaune, kuma ko da babu iska sam, abin da zai ƙaru a kan tayar bai kai psi 15 ba. Duk da haka wasu kamfanoni na neman a rage iskar, kuma a rage ɗin ya fi a tsaya gardama a gaban kanta. Abin da ya fi cancantar kulawa shi ne batir. Batiran litiyam na ajiya, kamar na giyar SRAM masu cirewa, a jakar hannu doka ta ce a riƙe su. Ƙananan gwangwanayen iskar gas na hura taya kuwa hukumar TSA mai binciken kaya a filayen jiragen Amurka ba ta barin su. Jami'anta kan buɗe akwatin keke su duba, kuma ba lallai su mayar da kaya yadda suka same su ba, don haka duk abin da ke ciki gara a ɗaure shi da jikin keken.

Idan ɓarna ta faru fa? Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya ma ke cikinta, ta ƙayyade diyyar kayan fasinja. Tun ƙarshen Disambar 2024 iyakar ita ce SDR 1,519, kimanin dala 2,000, alhali keken gasa na iya haura dala 10,000. Ƙorafin lalacewa dole ya isa a rubuce cikin kwana bakwai. Giɓin da ke tsakanin diyyar da kuɗin keken ya yi yawa, kuma duk wanda ya yi shekara yana atisaye bai kamata ya tashi ba tare da inshorar da ta ambaci kekensa ba. Miƙa keke ga kamfanin jigila ma ba tabbas ba ne: a 2023, bayan wata gasar tirayatlon ta duniya a Pontevedra ta Sifaniya, kekuna sama da 100 sun maƙale tsawon watanni saboda rikicin bashi tsakanin TriBike Transport da kamfanin da ya yi masa dakon kaya.

Saboda haka tsofaffin hannu kan isa kwanaki kafin gasa, su buɗe akwatin tun a filin jirgi, su haɗa keken da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, domin yawancin notocin jikin kabon ba sa son fiye da Nm 5 ko 6. Hular kwano da takalma da feda, wani lokaci har da sirdi, a jakar hannu suke tafiya da su, ta yadda idan akwatin ya tsaya a Honolulu ko Los Angeles, za su iya hayar keke a garin, su ɗaura nasu kayan, su daidaita shi da awon da suka rubuta tun a gida.