Kai yara wurin wasa: A auna tafiyar da ƙarfin ɗan auta

Da zarar makarantu sun ba da hutu, ko kuma Sallah ta ƙarato, hirar da kan cika majalisun ma'aikata a nan unguwarmu ta Ƙofar Kaura ita ce ta inda za a kai yara su shaƙata. A da, yawon Sallah bai wuce kallon hawan Sarki a Ƙofar Soro ba, sai zagayen gidajen dangi a karɓo goron Sallah. Yaran yanzu kuwa sun ga Disneyland a talabijin da wayoyin iyayensu, wato filin wasan nan da aka buɗe a jihar Kalifoniya ta Amurka tun 1955, don haka lilon ƙarfe na makaranta ya daina burge su. Mai hali yakan nufi Abuja, inda aka buɗe Wonderland a 2007 kusa da babban filin wasa na ƙasa, wurin da daga baya aka sauya wa suna zuwa Magicland. Mai matsakaicin ƙarfi kuma sai ya tsaya Kano, gidan namun dajin da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako.

Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Abin da na lura da shi dai shi ne, yawancinmu da aljihun maigida da zumuɗin manyan yara muke auna tafiyar, alhali wanda ya kamata a auna ta da shi shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ayarin. Idan ɗan auta ya gaza, to tafiyar kowa ta ƙare, ko da kuwa an riga an biya kuɗin ƙofa.

Mu fara da abin da iyaye da yawa ba sa sani sai sun isa gaban layi. A manyan wuraren wasa na duniya, da tsawo ake tantance yaron da zai hau lilo mai gudu, shekarunsa ba su da amfani a nan. Dalili kuwa shi ne, ƙarfen da ke danne cinya ko kafaɗa an ƙera shi ne daidai wani girman jiki, wanda bai kai ba yana iya zamewa ta ƙarƙashinsa idan abin ya ɗauki gudu. Iyakar takan kama daga kimanin mita ɗaya zuwa santimita 120 ko sama da haka. Yaro kuwa yakan kai mita ɗaya ne wajen shekara huɗu, santimita 120 kuma sai wajen shekara bakwai. Ashe ke nan magidancin da ya kwashi 'yan shekara biyu da huɗu da shida zuwa Abuja, ya biya kuɗi ne domin su tsaya kallon 'ya'yan wasu a kan manyan lilunan. Maganin abin cikin sauƙi yake: a ari tef ɗin tela a auna kowane yaro a jikin bango, sannan a gaya masa tun daga gida abin da zai hau da wanda sai baɗi. Kukan da zai yi a tsakar gida ya fi sauƙin rarrashi a kan wanda zai yi a bainar jama'a. Idan kuma aka tarar da ma'aikacin da ke kau da kai saboda an roƙe shi, ko don ya ga babbar riga, uba ne ya kamata ya ƙi amincewa, domin ɗansa ne a kan kujerar.

Sai maganar hanya. Daga Katsina zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 170 ce, ana iya sammako a dawo kafin magariba. Abuja kuwa ta haura kilomita 500, wuni guda cur a mota, ga tsadar mai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Jirgin ƙasan da ya fara zirga-zirga tsakanin Rigasa da Idu a 2016 yana rage wahala, yara kuma suna son sa ƙwarai, ta yadda wasu sukan fi tuna shi a kan lilon kansa. Sai dai harin da aka kai masa a watan Maris na 2022 ya koya mana cewa tambayar halin da hanya ke ciki na daga cikin shiri, kuma tafiyar dare da iyali ba dabara ba ce. A ganina, duk gidan da ke da mai goyo, ya haƙura da Kano tukuna.

Babban abin da ya fi damuna shi ne ranar da muke zaɓa. Kusan kowa washegarin Sallah yake so, ranar da cunkoso ya fi yawa, layi ya fi tsawo, kuma injinan ke aiki ba hutawa. Daga 2023 zuwa 2025 ƙaramar Sallah ta faɗo ne a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a wannan yanki kan kai maki 40. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin bushewa, kuma ba zai ce yana jin ƙishirwa ba muddin idonsa na kan wasa, sai dai a ga ya yi laushi. Duk wanda ya saba sauraron rediyo a kwanakin Sallah ya san yadda cigiyar yara ke yawaita. Me zai hana a bari sai mako ya zagayo, a je ranar aiki da hantsi? Sababbin kayan dai ba za su tsufa cikin kwana bakwai ba.

A nan ne kuma zan taɓo 'yan'uwana magidanta. Al'adar nan ta a danƙa wa uwargida kuɗi da direba, ko a haɗa yara biyar da yayarsu 'yar shekara goma sha biyu, maigida ya koma majalisa, ita ce tushen yawancin ɓatan yara. Hannu biyu ba sa riƙe yara huɗu a cikin taro. Kamata ya yi kowane babba ya san yaran da ke wuyansa, kada su wuce biyu, kuma a faɗa a fili kafin a fita daga mota, domin yaron da kowa ke zaton yana hannun wani shi ne kan ɓace. A koya wa yaro cikakken sunan mahaifinsa, don ba wanda zai iya cigiya da “Abba” kawai. A rubuta lambar waya a takarda a maƙala masa a cikin aljihu, a ɗauki hotonsa da kayan da ya sa a ranar, sannan da an shiga a nuna masa masu kayan aikin wurin a ce su ne zai nufa idan bai ga kowa ba.

Kayan jaka ba su da yawa: ruwa isasshe, hula, kayan canji, kunzugu, maganin zazzaɓi, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. A ci abinci a gida, a bar alawa da lemon kwalba sai an sauko daga abin da ke juyi. A kuma sanya lokacin tashi tun kafin a shiga, awa uku sun ishi ɗan shekara uku, a yi sallar azahar a kama hanya tun yana da sauran fara'a.